Daren da Aka Kai wa King's Landing Farmaki: Nazarin Yaƙin Blackwater

Ranar 27 ga Mayu, 2012, tashar HBO ta Amurka ta haska kashi na tara a zango na biyu na shirin Game of Thrones, wanda aka raɗa wa suna Blackwater. Kashi goma sha takwas da suka gabace shi duk yawo suke yi da ɗan kallo, yanzu yana bakin katangar ƙanƙara a can arewa, an jima yana hamadar gabas, kafin ya kintsa an mayar da shi fada. A wannan kashin ne karon farko aka daina yawon. Kusan awa guda cur, gari ɗaya, dare ɗaya, yaƙi ɗaya. An yi yaƙe-yaƙe da suka fi shi girma da cin kuɗi daga baya a cikin shirin, amma har yau in masu kallo suka zauna lissafin kashin da ya fi tsayawa a rai, Blackwater ba ya fita daga sahun gaba. Abin da ya sa ya cancanci a zauna a yi nazarinsa shi ne, kusan duk wata shawara da ta ba shi ƙarfi, rashin isassun kuɗi ne ya tilasta ta.

Yadda aka kai ga daren

Sarki Robert Baratheon ya mutu a zango na farko, yaro Joffrey ya hau karagar ƙarfe a matsayin ɗansa. Ƙanen marigayin, Stannis, ya ce sam, yaron ɗan gaba da Fatiha ne, Sarauniya Cersei ta same shi ne da ɗan'uwanta Jaime, don haka sarauta tasa ce. Kuma gaskiyarsa. Bayan an kashe ƙaramin ƙanensu Renly, wanda shi ma ya fito neman gadon, yawancin mayaƙan Renly suka koma bayan Stannis. Da haka ya tara rundunar da ta ninka ta birnin, ya ɗora ta a jiragen ruwa ya nufo King's Landing ta mashigar kogin Blackwater. A farkon kashin Matthos, ɗan Davos kwamandan jiragen Stannis, ya yi wa mahaifinsa lissafi yana murna: jiragensu sun ninka na abokan gaba sau goma, dakarunsu sau biyar. Davos, tsohon ɗan fasa-ƙwauri wanda a birnin aka haife shi, ya tuna masa cewa ba a taɓa fasa ganuwar nan ba, kuma mutanen da ke kanta ba kallon mai ceto za su yi masa ba, baƙo za su gani da ya zo cinna wa garinsu wuta.

A cikin birni, tsaro yana hannun Tyrion Lannister, kawun sarki, wada, wanda yake riƙon muƙamin Waziri a madadin mahaifinsa Tywin da ke can fagen daga da mutanen arewa. Bai taɓa jan runduna ba. 'Yar'uwarsa Cersei ta tsane shi, sarkin ma haka, mutanen gari kuma shi suke ɗora wa laifin yunwar da suke ciki. Abin da ke hannunsa shi ne taswirar hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da Varys, shugaban 'yan leƙen asiri, ya ba shi, sai kuma wani koren ruwa mai kama wuta da masu haɗa sinadarai na birnin suka daɗe suna durawa a tuluna. A kashi na biyar an faɗi adadinsu, tulu 7,811.

Yaƙin da ya kusa zama labari

Wanda ya bi zango na farko ya san yadda masu shirin suke zille wa yaƙi. A wani wuri an tashi za a gwabza, sai guduma ta bugi Tyrion a kai tun kafin a fara, ya sume, bai farfaɗo ba sai da aka gama. A wani wurin kuma sai dai aka nuna Catelyn Stark tana jira a bakin daji, can ɗanta, jagoran mutanen arewa, ya dawo da Jaime a ɗaure. Dabara ce ta mai ƙaramin aljihu, kuma an yi musu uzuri sau ɗaya, sau biyu. Amma zango na biyu gaba ɗayansa hanya ce zuwa wannan daren. In aka sake zillewa, 'yan kallo za su ce an yaudare su.

David Benioff da D. B. Weiss, jagororin shirin, sun faɗa da bakinsu cewa an yi tunanin a bar yaƙin a bayan fage, a zauna da Cersei da Sansa, 'yar Catelyn, a ɗakin da mata suka ɓuya, ana shigo musu da labari jefi-jefi. Daga baya suka koma wa HBO da roƙo, aka ƙara musu wajen dala miliyan 2. Abin da aka ruwaito shi ne kashin ya ci kusan dala miliyan 8, alhali sauran suna cin kamar miliyan 6. A talabijin na wancan lokaci kuɗi ne masu yawa, amma ga yaƙin da littafin ya kwatanta, ko rabin hanya ba za su kai ba.

George R. R. Martin, marubucin littattafan, shi ya rubuta kashin da hannunsa, daga littafinsa na biyu, A Clash of Kings, wanda ya fito a 1998. A nan akwai abin dariya. Martin ya yi shekaru yana rubuta wa talabijin labarai a Hollywood a shekarun 1980, kuma ya sha faɗin cewa abin da ya gundure shi shi ne kullum a ce masa rubutunsa ya yi tsada, a rage. Ya koma rubuta littafi don ya zuba jirage da dawakai da dubban mayaƙa yadda ransa ya so, tunda takarda ba ta neman kuɗin hayar doki. Sai ga shi an miƙa masa almakashi an ce shi zai datse nasa yaƙin.

Sannan ana gab da fara ɗauka, daraktan da aka tanada ya janye saboda wata lalura ta iyali. Aka kira Neil Marshall, Baturen Ingila da ya yi suna wajen fina-finan tsoro da na faɗa masu ƙaramin kasafi, irin su Dog Soldiers na 2002 da The Descent na 2005 da Centurion na 2010. Bai taɓa yi wa talabijin aiki ba, kuma kwanaki kaɗan aka ba shi ya shirya. An ɗauki fagen bakin ganuwar a Magheramorne, wani tsohon wurin fasa dutse a Ireland ta Arewa, da daddare, cikin sanyi da ruwan sama da taɓo.

Abin da aka yanke, da abin da yankan ya haifar

Shawara ta farko: a yi yaƙin cikin dare. Duhu yana ɓoye abin da babu. Ba sai ka nuna jirage ɗari biyu ba, ka nuna inuwar goma a cikin hazo, ido zai cike sauran. Ba sai ka tara mutum dubu ba, ka cika gaban kyamara da waɗanda kake da su ka bar bayan ya zama baƙi. Amma duhun ya zo da riba ta biyu wadda ta fi ta farko, domin koriyar wuta a tsakar rana ba za ta taɓa yin kwarjinin da ta yi a baƙin ruwa da baƙin sama ba.

Ta biyu ta fi ciwo ga masu karatun littafin. A can, babbar dabarar Tyrion sarƙa ce, ƙatuwa, wadda ya sa maƙeran birnin suka yi ta ƙerawa tsawon watanni. Ya bari jiragen Stannis suka shige cikin kogi, aka ɗaga sarƙar a bayansu, wuta ta kama, ba gaba ba baya. Mai sanin tarihi zai gane inda aka samo wannan. Rumawan gabas sun tsare Kustantiniyya da abubuwan nan biyu: sarƙar da suke gindayawa a bakin mashigar ruwan birnin, da wutar da ake kira ta Girkawa, wadda take ci a kan ruwa, wadda da ita suka ƙone jiragen Banu Umayya a kewayen da Maslama ɗan Abdulmalik ya jagoranta a 717 zuwa 718. Sarƙar nan ce kuma ta sa a 1453 Sarki Muhammadu al-Fatih ya sa aka jawo jiragensa ta kan tudu aka zagaye ta. A shirin talabijin an jefar da sarƙar gaba ɗaya. An jefar da artabun jirage da jirage. Aka bar jirgi ɗaya tal.

Jirgi ɗayan nan shi ne mafi kyawun abin da talauci ya yi wa kashin. Ayarin Stannis na shigowa, ƙararrawar birni na kaɗawa, Davos ya sa aka amsa musu da ganguna. A kan ganuwa Joffrey na ta tambayar ina jiragensa suke, kawunsa ya ƙi ba shi amsa. Sai ga jirgi guda ya ɓullo daga hazo, ba fitila, ba matuƙi, ba kowa a kai. Davos ya sa 'yan baka su ɗana, ya ce su dakata. Jirgin ya zo ya gifta su a hankali, kiɗan ya yi ƙasa, ba ka jin komai sai kukan katako da ruwa. Can idon Davos ya sauka a bayan jirgin, ya ga wani abu kore yana tsiyaya yana bin saman ruwa. Ya gane, amma ya makara. Tyrion ya wurgo tocilan wuta daga kan ganuwa, Bronn, sojan hayar Tyrion, da ke laɓe a bakin gaɓa ya ga alamar, ya kunna kibiya ɗaya ya saki. Kyamara ta bi kibiyar tana ratsa duhu ta saman kawunan mutane har ta faɗa ruwa.

Fashewar kanta, wadda ta hallaka Matthos ɗan Davos, daƙiƙu ne. Abin da Marshall ya yi bayanta shi ne aikin gwani: ya juya ya bi fuskoki. Tsohon mai haɗa sinadarin yana washe baki kamar yaron da aka saya wa abin wasa. Joffrey yana murmushin mugunta. Sandor Clegane, dogarin sarki da ake wa laƙabi da Kare, wanda yayansa ya danna masa fuska a garwashi yana ƙarami, ya ƙame, koren haske na rawa a kan tabonsa. Tyrion kuwa, mai dabarar, ba murna a fuskarsa ko kaɗan, yana jin ihun mutanen da ke ci da wuta a cikin ruwa. A fitowa ɗaya an gaya maka halin mutum huɗu ba tare da kowa ya buɗe baki ba. A ɗaya ɓangaren, wani hafsa ya ce wa Stannis in aka sauka yanzu ɗaruruwa za su mutu. Stannis ya gyara masa lissafi, ya ce dubbai. Ya riga kowa shiga kwale-kwale.

Maganar ƙararrawa ta sa dole a yi ɗan ratse. A nan Davos ya ce shi bai taɓa sanin ƙararrawa na nufin miƙa wuya ba. Shekara bakwai bayan haka, a zango na takwas, aka gina kashi guda a kan cewa in ƙararrawar wannan birnin ta kaɗa to an miƙa wuya, kuma Davos ɗin yana wurin. Masu kallo ba su manta ba, marubutan ne suka manta.

Ƙofa ɗaya

Shawara ta uku ita ce a tattara dukan yaƙin ƙasa a ƙofa guda, Ƙofar Taɓo, wadda ta fi sauran rauni, kuma Stannis ya san haka domin ya zauna a birnin. Wannan ma tsimi ne, tunda guntun ganuwa ɗaya za a gina. Amma sakamakonsa shi ne ɗan kallo bai taɓa ɓata ba. Ruwa yana can, gaɓa tana nan, ga ganuwa, ga ƙofa. Masu kawo hari suna so su shiga, masu gida suna so su hana. Ko yaro ya gane. Ana zubo kibau masu wuta, ana mirgino duwatsu, wani dutse ya fasa kan mutumin da ke tsaye kafaɗa da kafaɗa da Stannis, jini ya fantsama masa a fuska bai ko ƙifta ba. An kafa tsani. An kife kwale-kwale aka mayar da shi rumfa, a ƙarƙashinsa ake dukan ƙofa da gungume.

A nan ne kashin ya nuna abin da yake so ya faɗa game da kewayen birni. Ganuwar ba ta tsage ba, ƙofar ba ta faɗi ba, amma birnin ya kusa tafiya, saboda mutanen da ake kallo su tsaya sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Kare ya fita da mutanensa ya yi ɓarna, ya raba wani gida biyu da sara ɗaya. Sai wani da wuta ke ci ya nufo shi a guje yana ihu, ƙaton nan ya kasa ɗaga hannu, sai da Bronn ya harbe mutumin. Ya dawo cikin ganuwa, aka miƙa masa ruwa ya tofar ya ce giya yake so. Tyrion ya lallaɓa, sarki ya ba da umarni, ya dube su ya zagi dogarai, ya zagi birnin, ya zagi sarkin a gaban kowa, ya juya ya tafi. Ba a daɗe ba Lancel, ɗan baffan Cersei da kibiya ta raunata, ya zo da saƙonta cewa sarki ya koma fada. Tyrion ya roƙe shi ya tsaya, ya ce in mutane suka ga ya tafi zuciyarsu za ta karye. Joffrey, wanda ɗazu ya sa Sansa ta sumbaci sabon takobinsa yana cika bakin zai dawo mata da jinin baffansa Stannis a kai, ya tambayi Lancel ko mahaifiyarsa ta ce abin na gaggawa ne. Neman mafita yake yi, kowa ya gani. Ya bar dogarai biyu su wakilce shi, ya sulale.

Jawabin da Tyrion ya yi bayan haka ya sha bamban da irin wanda aka saba ji a fina-finan yaƙi. Ya fara da gori: ana ce masa rabin mutum, to su da ke shirin gudu mene ne? Sannan ya ce musu kada su yi faɗa don sarki, ko don suna, ko don dukiya, domin ba abin da za su samu. Garinsu ne za a wawashe, gidajensu za a ƙone, matansu za a keta wa haddi. Ya ma yaba wa waɗanda ke dukan ƙofar, ya ce jarumai ne, a je a kashe su. Jawabin ya ci ne don ba ƙarya a cikinsa, kuma mai yin sa da kansa bai tabbata za a bi shi ba. Peter Dinklage, wanda ya fito a matsayin Tyrion, ya fara faɗin cewa shi zai ja harin can ƙasa-ƙasa, kamar yana tambayar kansa, kafin ya maimaita da ƙarfi. Suka bi ta ƙarƙashin ƙasa suka ɓullo wa masu gungumen ta baya.

Ɗakin mata

Duk da haka, in za a auna kashin da sikeli, rabin nauyinsa yana cikin ɗakin nan da aka so tun farko a mayar da shi dukan labarin. An tara matan manya a Maegor, ginin da ya fi kowanne tsaro a cikin fada, Cersei ce uwar ɗaki, Sansa Stark kuma, amaryar sarki da ba a ɗaura ba, wadda a zahiri garkuwa ake yi da ita, tana zaune a gefenta. Wurin kamar gidan biki ne da labarin rasuwa ya ratsa: kowa cikin ado, ba mai iya haɗiyar abinci. A bakin ƙofa ga Ilyn Payne, haunin sarki, wanda ba shi da harshe, wanda shi ya sare kan mahaifin Sansa.

Lena Headey, wadda ta fito a matsayin Cersei, ta yi wasan da ya fi kowanne a zangon a cikin ɗakin nan, da kofin giya a hannu. Kofi na ƙaruwa, bakin Cersei na ƙara buɗewa. Da farko ta ce haunin yana nan ne don ya kare su. Aka zo da labarin an kama wani mai kula da dawaki da kuyangi biyu za su gudu da doki da kofunan zinariya, ta ce a sare kawunansu a kafe a bakin barga, ta juya ta koya wa yarinyar darasi: talakawa ba sa tsayawa tare da kai sai in tsoronka ya fi musu tsoron abokin gaba. Ta yi wa matan da ke addu'a ba'a. Ta kwatanta wa Sansa dalla-dalla abin da ke samun mata in birni ya faɗi. Ta ba ta labarin yadda ita da Jaime suke kama har mahaifinsu ba ya bambance su suna yara, amma shi aka ba shi takobi, ita aka koya mata murmushi, aka sayar da ita ga baƙo kamar goɗiya. A ƙarshe ta faɗi gaskiya: haunin na nan ne don in Stannis ya shigo kada ya same su da rai.

Fina-finan yaƙi da yawa suna leƙa mata da yara na minti ɗaya don a ga abin da jarumai ke karewa, sai a koma fagen fama. A nan an juya abin. Duk lokacin da aka dawo ɗakin, ana ƙara maka farashin faɗuwar ƙofar, don haka in an mayar da kai bakin ganuwa, kowane bugun gungume sai ya fi na baya nauyi. Kuma ɗakin yana da nasa yaƙin. Ka'idar Cersei ta mulki da tsoro ta rushe a gabanta: ita ce ta janye sarki daga ganuwa, da Lancel ya dawo ya ce a mayar da shi ta doke shi a kan rauninsa, ta ja ƙaramin ɗanta Tommen ta fice ta bar baƙinta cikin kuka. Sansa, yarinyar da aka wuni ana yi wa kallon sakarai, ita ta miƙe ta yi musu ƙarya mai amfani, ta ce sarki na can yana jan mayaƙa, ta ja su waƙar addu'a. Wannan tsarin daga littafin ya zo, inda aka ba da labarin yaƙin ta idon mutum uku kawai, Davos da Tyrion da Sansa.

Ya kamata a faɗa, ga wanda bai taɓa kallo ba: akwai tsiraici a fitowar mashaya ta farkon kashin, akwai ashar, akwai jini ba kaɗan ba. Ba abin kunnawa a falo da yara ba ne, kuma fitowar tsiraicin ba ta ƙara wa labarin komai ba.

Inda ya yi rauni

Stannis ya hau tsani shi ne na farko, ba kwalkwali a kansa, yana sara a kan ganuwa kusan shi kaɗai. An yi haka ne don a gane fuskarsa a duhu, kuma don a nuna tazarar da ke tsakaninsa da Joffrey, amma mutumin da aka ce ya fi kowa sanin dabarun yaƙi a ƙasar ba zai yi wannan gangancin ba. A littafin yana can tsallaken kogi yana ba da umarni. Cire sarƙar ma ya rage wa Tyrion wani abu, domin aikin watanni na lissafi da haƙuri ya koma dabara ɗaya ta dare ɗaya.

Babban raunin shi ne ƙarshen. Tyrion ya kori masu gungume, wata rundunar ta ɓullo, a cikin hargitsin dogarin sarki Mandon Moore ya juyo ya tsaga masa fuska, Podrick, yaron Tyrion, ya soke dogarin da mashi ta baya. Tyrion na kwance yana ganin dishi-dishi sai ga barade sun keto. Tywin ne, tare da rundunar gidan Tyrell, waɗanda aka ƙulla ƙawance da su a ɓoye. Wanda ke gabansu yana sanye da sulken marigayi Renly, kuma ma'anar hakan babba ce: yawancin mutanen Stannis tsofaffin mayaƙan Renly ne, sun ɗauka fatalwarsa ce ta dawo, suka watse. Shirin bai yi bayanin wannan ba. Wanda bai karanta littafin ba sai dai ya ga wani mai ƙahon barewa a kwalkwali ya wuce a guje. Dawakai suna da tsada, shi ya sa harin da ya yanke hukuncin yaƙin bai wuce ƙiftawa da bismilla ba. Abin da ya rufa masa asiri shi ne an haɗa shi da Cersei zaune a kan karagar ƙarfe, Tommen a cinyarta, tana yi masa tatsuniyar zakanya da ɗanta, kwalbar guba na dab da leɓensa, ana dukan ƙofar zauren ba ta san ko wane ne ba. Ƙofa ta buɗe, Loras Tyrell, wanda shi ne ke sanye da sulken Renly, ya cire kwalkwali, Tywin ya shigo ya ce an gama, sun ci.

A kashi na gaba aka naɗa Tywin Waziri, aka kira shi mai ceton birni. Tyrion ya farka a wani ɗan ƙuntataccen ɗaki da fuska a naɗe, an karɓe muƙaminsa, an sallami mutanensa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Varys ne kawai ya zo ya gaya masa cewa littattafan tarihi ba za su ambace shi ba, amma akwai waɗanda suka san abin da ya yi.

Abin da ya biyo baya

A daren da aka fara haska shi, mutum miliyan 3.38 ne suka kalla a Amurka, ƙasa da makon da ya gabata, saboda ya faɗo a ƙarshen makon hutun tunawa da sojojinsu. Amma ya ci kyautar Emmy biyu a 2012, ta tace sauti da ta haɗa sauti, wanda ba abin mamaki ba ne ga yaƙin da kunne ya yi rabin aikinsa, sannan ya ci kyautar Hugo, ta ƙagaggun labaran kimiyya da almara, a 2013. An sake kiran Marshall a 2014 ya ja ragamar yaƙin katangar ƙanƙara a zango na huɗu, shi ma wuri ɗaya, dare ɗaya. Daga nan bakin aljihun HBO ya buɗe, har a zango na ƙarshe ana kashe wa kashi guda wajen dala miliyan 15.

Gwajin ya zo ranar 28 ga Afrilu, 2019, da kashin The Long Night, kewayen Winterfell, fadar gidan Stark a arewa, da rundunar matattu ta yi, wanda Miguel Sapochnik ya ba da umarni. Minti 82 ne, an kwashe dare 55 ana ɗaukar fagen wajensa kawai. Akwai abubuwa masu kyau a ciki, musamman yadda aka nuna wutar takubban mahaya tana mutuwa ɗaya bayan ɗaya daga nesa. Amma washegari abin da duniya ke magana a kai shi ne ba a ganin komai. Mai ɗaukar hoton, Fabian Wagner, ya kare kansa da cewa mutane ba su iya saita talabijin ɗinsu ba ne, kuma bai kamata a kalla a ƙaramin allo ba. Wanda aka tura wa kashin a waya a shagon tura fina-finai, bayan an matse shi don ya shiga memori, baƙin allo ya samu da ihu. Blackwater ma da dare aka yi shi, amma kullum akwai abin da ke haska fuskar da ake so ka gani, ko tocila, ko kibiya mai wuta, ko jirgin da ke ci a baya.

Duhun ma ba shi ne babbar matsalar ba. A Winterfell an jera majaujawa da dakaru a wajen ganuwa, an tura mahaya cikin duhu tun kafin a ga abokin gaba, kuma da aka shiga cikin gari ba ka iya cewa wane yana ina, ko nawa suka rage, ko wace ƙofa ce in ta faɗi an gama. Abokan gaban ba sa magana, ba sa tsoro, ba wani Davos a cikinsu da za ka ji zafin mutuwar ɗansa. Akwai kuma ɗakin ɓuya a can ma, kabarin ƙarƙashin gidan Stark, kuma waɗanda aka zaunar a ciki su ne Sansa da Tyrion da Varys, mutum uku daga cikin waɗanda suka ɗauki nauyin Blackwater. An ba su 'yan jimloli, sai matattu suka fasa kaburbura suka fito, kyamara ta koma waje wurin dodanni.